KUMBURI BA ƘIBA BA NE: WA KE CIN RABON 'YA'YAN TALAKAWA?

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, manoma da masunta da 'yan kasuwa, na Fakku da Kuchi da Margai da sauran ƙasar Kebbe har zuwa Tambuwal, wannan mako mun ajiye zancen zaɓe da na kujera, za mu yi magana a kan ƙafar yaro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma ɗaga murya don matan da ke cikin gida su ji, gama maganar tasu ce tun kafin ta zama tamu.

Ran kasuwar da ta wuce muna zaune a rumfar wani ɗan jam'iyyarmu mai awon hatsi, sai ga wata mata da goyo a baya, ga kuma ciki a gaba, ta zo awon rabin mudu na dawa. Wata tsohuwa da ke kusa ta leƙa goyon ta ce, "Tubarkalla, yarinya, ɗan nan naki ya yi ƙiba, dubi kumatu!" Uwar ba ta amsa ba. Muka ce, "Baiwar Allah, ko kin yarda mu duba ƙafarsa?" Ta sauko da shi. Muka danna bayan ƙafar da babban yatsa, muka ƙirga ɗaya, biyu, uku, muka ɗaga. Rami ya zauna a wurin kamar an danna malmalar tuwo. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara, fatar cinyarsa tana saɓulewa, ba ya kuka ba ya dariya, idonsa kawai yake bin mutane.

Watansa ashirin. An yaye shi da cikin ya bayyana. Tun daga nan abincinsa kunu da safe, tuwo da dare, miyar kuka wadda ko daddawa ba ta gani ba. Shanun ubansa ɓarayin daji sun kora. Sau biyu uwar ta taka da ƙafa zuwa wani ɗakin shan magani, ba za mu faɗi sunansa ba, sau biyu ana ce mata abincin tamowa ya ƙare. To, jama'a, ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami: taku ashirin daga inda take tsaye, ga ledojin abincin nan a jere bisa tire, ana sayarwa tare da alewa da cingam. Aka yi karo-karo a rumfar aka haɗa mata kuɗin mota zuwa babban asibiti. Har ranar da muka rubuta wannan yana can kwance, ana ba shi madara kaɗan-kaɗan.

WANE CIWO NE WANNAN?

Tamowa mai tsanani iri biyu ce. Akwai mai ramar da yaro har ya koma fata da ƙashi, fuskarsa kamar ta tsoho. Wannan kowa ya gani ya san yunwa ce. Akwai kuma mai kumburi, ita ce munafuka, domin tana shigowa da rigar ƙiba. Jikin yaro gini ne da ake kan yi. Gero da dawa da masara da rogo suna ba shi ƙarfi, kamar itace a murhu, amma tubalin ginin yana cikin nono da ƙwai da kifi da nama da wake da gyaɗa. Shi likitoci ke kira furotin. Idan aka daɗe ana cika cikin yaro da kunu tsura, sa'an nan ƙyanda ko zawo ko zazzaɓin cizon sauro ya faɗa masa, sai jiki ya rikice: ruwa ya taru a ƙafa da hannu da fuska, hanta ta yi kitse, ciki ya fito, garkuwar jiki ta faɗi, har ɗan ciwon da yaro mai lafiya zai yi wasa da shi ya kai wannan kabari. Masana na yanzu sun nuna ba rashin furotin kaɗai ke kawo kumburin ba, akwai hannun cututtuka da ƙarancin wasu sinadarai a ciki. Amma sun haɗu a kan abu guda: ba a samunsa a gidan da yaro ke cin abinci mai gina jiki.

Ciwon nan ba baƙo ba ne. Wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, ta bayyana shi a 1933 sa'ad da take aiki a Ankara ta ƙasar Gana, a 1935 kuma ta rubuta shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa, watau kwashiyoko, ciwon yaron da aka ture daga nono domin ƙane ya zo. Ashe ba shi ne abin da kakanninmu suka sani ba, da suke tsoron kwanika? A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 duniya duka ta ga hotunan yaran Biyafara da manyan cikkuna da jan gashi, har wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can suka kafa ƙungiyar MSF a 1971. Can an ce yaƙi ne, an toshe hanyar abinci. To, mu wa ya toshe mana hanya, da shekara fiye da 50 bayan haka ƙungiyar nan take jinyar 'ya'yanmu a Sakkwato da Katsina da Zamfara, da nan kusa a Maiyama ta Jihar Kebbi tun 2022?

Ku ji ƙididdiga, kada a ce mun ƙaga. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai kyau. Hukumar UNICEF ta taɓa cewa yara wajen miliyan biyu ke fama da tamowa mai tsanani a Nijeriya, kuma biyu kacal cikin goma ke samun magani. A watan Yuli na 2025 MSF ta sanar cewa a Jihar Katsina kaɗai yara 652 suka mutu a asibitocin da take aiki cikin wata shida na farkon shekarar, masu kumburi kuwa sun ƙaru da kashi 208 cikin 100 bisa na shekarar da ta gabata, watau sun ninka sau uku. Waɗannan su ne waɗanda suka kai asibiti. Waɗanda aka binne a bayan gari da rana tsaka, ba wanda ya rubuta su a takarda.

ƘASAR WAKE DA NONO

In da a tsakiyar hamada muke, da sai mu ce babu. Amma Fakku tana bakin Gulbin Ka, Gulbin Zamfara kuma ya ratsa ƙasar Kebbe. Kifi namu ne. Wake namu ne. Gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya, mu ke noma ta. Fulaninmu su ke kawo nono, kaji da zabi suna yawo a kowane tsakar gida. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani, gama a gabanku ake loda buhunan wake da kwandunan busasshen kifi a mota, a yi kudu da su. Ruwa ba ya tsami banza. Yaya aka yi ɗan mai noman wake yake kumbura don rashin wake?

Amsar ba ta da wuya. Talaka ba ya sayar da wakensa don ya ƙoshi, yana sayarwa ne don an matsa shi. Da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, ga bashin taki, ga bashin da aka ci da bazara, ga kuɗin magani, dole ya kai mai tsada kasuwa ya bar wa gida mai araha. Da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, sai ya koma ya sayi hatsin da ya sayar da ninkin kuɗinsa, kuma a daidai wannan lokaci ne sauro da zawo suke tashi. Shi ya sa daga Yuli zuwa Satumba gadajen yara ke cika.

Bisa wannan tsohon ciwo aka ɗora sababbi. Iyayenmu sun yi kuka da haraji da jangali. Yau mai bindiga ne ke sa wa ƙauye haraji kafin a yi shuka, ya sake sa wani kafin a yi girbi, ya kore saniyar da ke ba yaro nono, in ya kama mutum a sayar da gona a fanso shi. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur da baki ɗaya, ba a tanadar wa talaka komai ba, kuɗin mota ya tashi, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 bisa lissafin Gwamnati da kanta. Ƙwai ɗaya ya zama abin da magidanci zai tsaya ya yi shawara kafin ya saya. Wanda ya kasa tsare gona, ya kuma tsawwala kasuwa, ba shi da bakin da zai ce wa uwa ba ta iya reno ba.

MAGANI AKWAI SHI

Da a ce ciwon nan ya gagari likita, da mun yi shiru mun bar wa Allah. Amma maganinsa sananne ne, kuma abin haushi, gyaɗa ce. A 1996 aka haɗa shi a Faransa: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadarai, a cikin leda mai nauyin giram 92, ba a dafawa, ba a haɗawa da ruwa. A yunwar 2005 a ƙasar Nijar, musamman wajen Maraɗi, aka yi jinyar yara fiye da dubu 60 da shi, mafi yawansu a gidajen iyayensu, suka tashi. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya, a 2009 Nijeriya ta fara ta a jihohin Gombe da Kebbi maƙwabciyarmu. Katan ɗaya mai leda 150 yakan ishi yaro ɗaya, cikin mako shida zuwa takwas ya warke. Kuɗinsa wajen dala 50 ne.

To, ku auna. A ƙarshen 2023 aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya motoci, kowace ta haura naira miliyan 100. Kuɗin mota ɗaya tak ya isa ya sayi katan fiye da dubu. Ran yara dubu ke nan ake hawa a je ɗaurin aure!

Shekara da shekaru mahukunta sun jingina abincin 'ya'yanmu a kan sadakar baƙi. Da Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID a 2025, wasu ƙasashen Turai kuma suka rage nasu, sai asiri ya tonu. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da maƙwabci ya rufe ƙofa da yunwa zai kwana. Alkawari kuwa ba a rasa ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ɗauki alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi don lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cikawa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don ƙananan asibitoci, da nufin kowace mazaɓa ta sami aƙalla guda mai aiki. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A 2025 aka ƙaddamar da shirin abinci mai gina jiki na ƙananan hukumomi 774 da jawabai masu daɗi. Akwai ma asusun da UNICEF ke riƙe, wanda in jiha ta zuba naira ɗaya don sayen abincin tamowa, a ƙara mata ɗaya. Fakku mazaɓa ce, Kebbe ƙaramar hukuma ce, Sakkwato jiha ce. Muna tambaya, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya: nawa ya iso, wa ya karɓa, me aka saya?

Kada kuma a ce mana ba mu da kowa a sama. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ita ta ba Nijeriya Shugaban Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, daga cikinta aka sami Gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023, daga 2023 kuma mulkin jiha ya koma hannun wata jam'iyya. Kowa ya ɗana. Kowa ya zo nan da mota da lasifika ya roƙi ƙuri'a, matan nan masu goyo su suka fi kowa tsayawa a layi cikin rana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

IN ƁERA DA SATA

Yanzu bari mu juyo gida, gama jaridar nan ba ta saba lallashi ba. A 2024 ofishin UNICEF na Sakkwato ya fito fili ya koka cewa ana sace abincin tamowa ana kai shi kasuwa, har an tarar da katan-katan a ɗakin ajiya an cika su da duwatsu don a rufe sawu. Kaito! Mutum ya ɗauke abincin yaro mai jiran mutuwa ya sa dutse a madadinsa, sa'an nan ya je gida ya ɗauki nasa ɗan ya yi masa wasa.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓarawon sito ba zai sata ba in ba shi da mai saye. Ya ku 'yan tireda da masu kanti, mun san kasuwa ta yi wuya, mun san ribar ledar nan tana da daɗi. Sai dai ku sani, kowace leda da ke bisa tirenku an ƙirga ta ne a kan sunan wani yaro, kuma a jikinta ba a rubuta ta sayarwa ce ba. Ku kuma samari masu saye kuna shafa wa burodi, da magidanta masu karɓe rabon mara lafiya su raba wa yayyensa, abin da kuke ci magani ne, mai shi yana kwance.

Mu maza kuma mu duba kanmu. Nawa ne cikinmu ke tsayawa wurin mai tsire ko mai shayi da ƙwai ran kasuwa, mu goge baki, mu koma gida da dawa tsura? A akushin wa ake sa tsokar nama in an yanka kaza? Wa ya ce in yaro ya ci ƙwai zai yi sata? Mun ga 'ya'yan manya suna cin ƙwai kullum safiya. In akwai ɓarayi cikinsu, ba ƙwai ya koya musu ba. Malamai sun gaya mana shayarwa shekara biyu ce, likitoci kuma sun ce wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Kiyaye wannan ba aikin mace kaɗai ba ne, namiji ne ke da babban hannu wajen kwanika. In kuwa ƙafar yaro ta kumbura, kada a ɓata kwanaki ana neman mayya a unguwa ana zargin tsohuwar da ba ta ci ba ta sha ba. Kada a yi masa tsaga, kada a yi masa ɗure. Yaron da ya kumbura ko ya ƙi cin abinci asibiti ake kai shi ran nan, domin a can da wata madara mara ƙarfi ake farawa, a hankali. Ɗura masa abinci mai nauyi da gaggawa yana iya kashe shi.

Ga abin da kowane gida zai iya, don rigakafi ya fi magani. A sami awo shida na gero ko dawa, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa mai kyau wadda ba ta yi funfuna ba, a soya kowanne, a niƙa tare, a riƙa dama wa yaro kunu da shi daga wata shida, da kauri, ba tsararo ba. In an sami garin busasshen kifi ko ganyen zogale a ƙara. A kai yara allurar ƙyanda. A nemi tsinken awon nan mai launi uku da ma'aikatan lafiya ke ɗaura wa yaro a damtse: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, haɗari ne. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya karanta launi.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba roƙo muke yi ba, kuɗin jama'a ne. Muna nema:

Na ɗaya, Gwamnatin Jiha ta sa kuɗin abincin tamowa cikin kasafinta kowace shekara, ta sake su kafin faɗuwar damina, ta kuma buga wa jama'a abin da ta saki, ba abin da ta rubuta kawai ba.

Na biyu, a sami wurin awon yara da ba da abincin tamowa a kowace mazaɓa ta Kebbe da Tambuwal, har da Fakku, kada mai ciki da goyo ta sake yin tafiyar yini a ce mata ya ƙare.

Na uku, a liƙa takarda a ƙofar kowane asibiti, da boko da ajami: katan nawa ya shigo, ran nawa, yara nawa suka karɓa. A kuma karanta ta a bainar jama'a sau ɗaya a wata, gaban mai gari da wakilan mata.

Na huɗu, duk wanda aka kama da satar abincin nan, babba ko ƙarami, a kai shi gaban alƙali a fili. Canja masa wurin aiki ba hukunci ba ne, sabon sito ne aka ba shi.

Na biyar, a tsare gonaki da hanyoyin kasuwa da burtali, domin duk maganin duniya ba zai ishi ƙasar da aka hana noma da kiwo ba.

Mu kuma ga namu alkawari. Kowane reshe na jam'iyya zai buɗe littafi, a rubuta kowane yaro da aka gani da kumburi ko rama a unguwarsa, da ranar da aka kai shi asibiti, da amsar da aka ba uwarsa. Muna roƙon sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan tireda su yi shela cewa daga yau ledar tamowa ba ta da rumfa a kasuwanninmu. Duk mai neman ƙuri'a da ya zo, kafin ya hau mumbari za mu buɗe masa littafin nan ya karanta da bakinsa, in ya gama sai mu ji nasa jawabin.

Za a ce mun sa siyasa cikin maganar ciwo. Haka ne, mun sa, domin a ofis ake raba kuɗin, da sa hannun mutanen da muka zaɓa. Za a ce mutuwa ta Allah ce. Babu mai musun wannan, amma Allah bai cika katan da duwatsu ba.

Ya ɗan'uwa, in ka koma gida yau, kafin ka ci tuwo, ka kira ƙaramin ɗanka da na maƙwabcinka, ka danna bayan ƙafarsu ka ƙirga uku. In rami ya zauna, kada ka jira gari ya waye sau biyu. In kuma an ce maka ya ƙare, ka zo ofishin reshe ka faɗa mana, mu rubuta, mu buga.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba talaka sawaba.

Magatakardan Jam'iyya, Reshen Fakku